Akuyar Yayata da Karen Yallaɓai

A shekarar da masara ta fara gagarar mai albashi, balle irinmu, yayata ta baro ƙauyensu na bayan Runka ta dawo wurina a Batsari. A kan babur aka kawo ta, ƙullin kaya a ka, jar akuya ɗaure tsakaninta da mai babur. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Shanun gidansu da tumaki mutanen daji sun kore su gaba ɗaya. Akuyar kaɗai ta tsira, don ranar tana ɗaure a bayan rumbu.

Da na ce mata, "Yaya, ai da kin sayar da ita can kin huta da wahalar hanya," sai ta dube ni kamar na ce ta sayar da ɗiyarta.

Ta ce, "Malam, ciki gare ta. In na sayar na cinye kuɗin, me ya rage mini a duniya da zan ce nawa ne?"

Ban sake tayar da maganar ba. Na kafa mata turke a inuwar bishiyar bedi da ke tsakar gida.

Katanga ɗaya ta raba ni da wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka turo mana daga birni. Iyalinsa suna Katsina, shi kaɗai yake zaune a gidan haya, ranar Juma'a ya tafi, Litinin ya dawo. Duk unguwa Yallaɓai muke ce masa. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ba mugun mutum ba ne. Yana gaisuwa, yana zuwa jam'i in bai makara ba. Amma abin da ya sa tsofaffi ke cire takalmi tun daga nesa in za su gaishe shi, shi ne yake rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafin hatsi duk lokacin da gwamnati ta tuna muna raye.

Bayan zuwan Yaya da 'yan kwanaki aka sauke masa kare daga bayan a-kori-kura, cikin kejin ƙarfe. Mu karnukan da muka sani su ne na mafarauta, sirara, kunne a yanke, haƙarƙari a waje, in ka daka musu tsawa su saka wutsiya tsakanin ƙafafu. Wannan kuwa baƙi ne wuluk, da ja-ja a baki da ƙirji, kai kamar turmi, wuya kamar na maraƙi. Yallaɓai ya ce sunan irinsa Rotwaila, kuma daga Jos aka kawo shi. Ya maimaita sunan har sau uku, kamar mai faɗin asalin surukinsa.

Na ce, "Yallaɓai, wannan kuma na mene ne?"

Ya ce, "Tsaro, Malam. Duk wanda ya haura katangar nan, sai dai 'yan'uwansa su zo su tsinci abin da ya rage."

Na ce, "To, ai waɗanda muke tsoro ba haura katanga suke yi ba. Ta ƙofa suke shigowa, da yawansu, kowa da bindiga."

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka san irin nan ba."

Gaskiyarsa, ban sani ba. Ya ɗauko wata takarda ya nuna mana, da hoton karen a jiki, da hatimi, da jerin alluran da aka yi masa. Da boko aka rubuta, ni kuwa ajami na iya, sai na tsaya a kan hoton. Da na shiga gida na ba Yaya labari, ta ce, "Ikon Allah. Ni da furfurata ba a taɓa ɗaukar hotona ba."

Wata rana bayan la'asar ya tare ni a ƙofar masallaci, yana son jin hukuncin ajiye kare. Na faɗa masa abin da muka karanta wurin malamanmu, cewa an yi rangwame ga karen gadi da na kiwo da na farauta. Na ƙara masa da cewa duk wanda ya ɗaure mai rai, cinsa da shansa suna wuyansa, kuma abin da ya ɓata shi za a tambaya. Rabin farko ya ji sosai, har ya ce, "Madalla, Malam." Rabi na biyu ya same shi yana neman takalminsa.

Da farko abincin karen a buhu yake zuwa, buhu mai hoto shi ma. Da ya ƙare aka koma kawunan kaji da ƙasusuwa daga wurin mahauta. Da mahauta suka ga mutane ma sun fara rububin ƙashi, sai suka sa masa kuɗi, aka koma tuwon masara da ɗan manja. Abin da karen nan yake lashewa a zama ɗaya ya ishi magidanta uku. Albashi kuma ya fara yin wasan ɓuya. In Yallaɓai zai tafi Katsina sai ya cika masa roba ɗaya ya ajiye, wai ta kai shi Litinin, kamar kare ya san a ci a rage. Tun daren Juma'a yake gamawa da ita. Asabar da Lahadi haushi ne da ƙarar sarƙa, har almajiran karatun da nake koyarwa, manya masu iyali, sai mun ɗaga murya muke jin juna.

A ƙasarmu, in ruwan shuka ya sauka, mai unguwa yakan sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, kada ta shiga gonar mutane. In an gama kwashe amfanin gona kuma a sake shela a saki, dabbobi su bazu cikin gonaki su ci kara da ragowar harawa kyauta. Talaka da wannan sakin yake fitar da dabbarsa daga rani. A waɗancan shekarun abin ya fi tsanani, don babu mai iya nisa cikin daji yankan ciyawa, dammin harawa kuwa ya zama abin masu hali. Duk damina Yaya a bakin hanya da gefen kwata take tsintar ciyawa da lauje. Gab da kaka akuyar ta haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji. Tun daga ranar Yaya take jiran shelar saki kamar yadda ake jiran watan Salla.

Ranar da aka yi shela, ta kwance igiya da Bismilla, ta kora akuya da 'ya'yanta zuwa ƙofa. Ba ta kai ga fita ba sai ga mutane suna shigowa zaurena a guje, har da wani dattijo da na sani da ciwon gwiwa shekara da shekaru, ranar ya riga kowa. Na leƙa. Karen Yallaɓai ne tsaye a tsakiyar hanya, ba sarƙa, ya rame har ƙashin ƙugunsa ya fito, amma kan nan yana nan yadda yake. Karnukan unguwa kuwa ko ɗaya ba a gani ba, sun fi mu hankali.

Yaya ta mayar da akuya turke.

Da yamma na sami Yallaɓai. Bayan gaisuwa na ce, "Karenka ya tsinke."

Ya ce, "Ba tsinkewa ya yi ba, ni na sake shi. Malam, karen wa ake ɗaurewa a garin nan? Karnukanku wa yake dafa musu? Kowanne yawo yake ya nemi nasa. Shi ma ya koya."

Na ce, "Namu bola suke bi. Naka bai san bola ba, abin da yake motsi yake kallo."

Ya ce, "Ba ya cizo sai an tsokane shi. Ka gaya wa mutane kada su gudu in sun gan shi."

Na rasa ta inda zan fara gaya wa mutum kada ya gudu daga wannan halitta.

Kwana shida akuya tana ɗaure. Ciyawar bakin hanya ta bushe, dusar da matata ke tara mata ba ta kai ko'ina ba. Nononta ya janye, 'ya'yan suna tunkuɗar hantsa suna kuka. Ga abinci can shimfiɗe a gonakin bayan gida, tumakin da masu su suka kora da sanduna suna ta kwashewa, mu muna kallo ta kan katanga.

Na je wurin mai unguwa. Na tarar da mutane zaune a ƙofarsa, kuma kowa ya san a makon nan Yallaɓai yake haɗa sabon jerin sunaye. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Mai unguwa ya gyara rawani ya ce, "Malam, ni tun zamanin mahaifina, akuya na san ana ɗaurewa, da tunkiya, da jaki. Ban taɓa jin an yi shela a kan kare ba. In na fara yau, a ce na kawo bidi'a."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zamanin mahaifinka akwai irin wannan karen?"

Wani daga gefe ya ce, "Ai tun da aka sake shi ba a yi sata a unguwar nan ba."

Na ce, "Da can ana yi?"

Ya kawar da kai. Na juya wurin wani da na san karen ya cinye masa zakara shekaranjiya, na ce ya yi magana. Ya sosa ƙeya ya ce, "Zakaran dama ya tsufa, Malam. Ko cara ba ya yi sosai."

Haka na taso. Mai unguwa ya ce zai duba, ni kuma na san irin wannan dubawa.

Washegari da hantsi ina zaure ina gyaran alƙalami, Yaya ta wuce ni riƙe da igiya, akuya na biye, 'ya'yan na tsalle a baya.

Na ce, "Yaya, ina zuwa?"

Ta ce, "Gona. In ta zauna yunwa ta kashe ta, in ta fita wataƙila. Na zaɓi wataƙila."

"Ki jira in sa takalmi."

Ba ta jira ba. Kafin in iske ta har ta shiga gonar dawa da ke bayan gidajenmu, akuya ta kafa kai tana ci kamar za ta haɗiye ƙasar. Ina daga bakin gona na hango karen ya fito ta lungun gidan Yallaɓai. Bai yi haushi ba. Ya sauke kai, ya taho a hankali, idonsa a kan dabbobin.

Yaya ta shiga tsakaninsa da akuya, ta yi abin da kowane ɗan ƙasar nan zai yi. Ta duƙa kamar za ta ɗauki dutse. Mu haka muka tashi. In kare ya nufo ka, ka sunkuya ka taɓa ƙasa, ko babu dutse a wurin zai juya da gudu, don babu karen garinmu da bai sha jifa ba tun yana ɗan kwikwiyo. Ni ma daga inda nake sai na tsinci kaina a duƙe, ina lalube a ƙasa. Abin da ba mu lissafa ba, wannan a keji ya girma, ba a taɓa jifansa ba. Bai ga mai ɗaukar dutse ba. Ya ga tsohuwa ta sauko daidai bakinsa.

Allah ya sa ta ɗaga hannun dama ta kare fuskarta. Ya kama ta a tsintsiyar hannu ya kayar da ita. Na ruga ina salati, na fizgi karan dawa na maka masa a baya, karan ya karye kamar na doki dutse. Abin da ya cece ta, ɗan akuyar namiji ya firgita ya zura da gudu. Karen ya sake ta ya bi shi, taku uku ya cafke shi a wuya, ya juya da shi a baki ya nufi gidan Yallaɓai. Na bi bayansa daga nesa. Da na ga ya shige, na jawo ƙofar ƙarfen na rufe, na zura guntun itace a marfin kwaɗo.

Da na dawo na tarar da Yaya zaune a kan kunyar dawa, jini ya jiƙa zanenta. Igiyar akuya tana naɗe a hannunta na hagu, ba ta sake ta ba.

Ta ce, "Wanne ya ɗauka?"

Na ce, "Namijin."

Ta ce, "Alhamdu lillahi da ba macen ba."

Kafin mu kai ƙofar gida unguwa ta cika. Matata ta kawo ruwa da sabulu tana wanke ciwon, na aika a kira mai babur. Nan dattawa suka ce kafin a je ko'ina sai an samo gashin karen an ƙona an barbaɗa a ciwon, haka iyaye suke yi. Ni asibiti na nufa, amma ban hana su ba, don ina son ganin wanda zai tsigo. Kowa ya ce lallai a samo gashin, kowa kuma ya tsaya inda yake. Mai tsohon zakara ya ce shi da zai shiga, to amma bai san wane gefe ake tsiga ba.

Ana haka sai ga Yallaɓai, an kira shi daga ofis. Ya sauka daga babur yana "Subhanallahi, subhanallahi, Inna sannu." Dattijon nan mai ciwon gwiwa ya ce, "Yauwa, ga mai shi. Yallaɓai, shiga ka tsigo mana gashi kaɗan."

Yallaɓai ya je bakin ƙofarsa ya tsaya. Ana jin gurnani daga ciki. Ya ce, "Yana cin abinci. Irin nan ba a taɓa su in suna ci."

Yaya ta ce, "Na san yana ci. Ni na kawo masa."

Aka ce to a jira ya gama. Ya gama. Yallaɓai ya sa hannu a ƙofa, ya janye, ya ce ya manta wani abu a ofis. Nan dai mutane suka matsa, har ya faɗi gaskiya da bakinsa. Tun kafin a yi shela karen ya kai masa cafka ya yaga masa hannun riga. Da doguwar sanda ya zare masa sarƙa daga nesa, yana fatan ya fita ya bi duniya. Shi kuwa kare ya ƙi ɓata, kullum sai ya dawo. Kwana da kwanaki Yallaɓai sai ya jefa tuwo can ƙarshen gida sannan ya ruga ɗaki ya danna sakata.

Na ce, "Ashe kai ne kake cewa kada a gudu."

Yaya ta dube shi, ta ce, "Ɗana, ka sayo abin da zai tsare ka, ga shi ya tsare ka ɗin."

Na kai ta asibiti, Yallaɓai na biye da mu. Suka wanke, suka ɗaure, suka tambaya ko an yi wa karen allurar hauka. Yallaɓai ya zaro takardar nan mai hoto daga aljihu. Wata ma'aikaciya ta duba, ta ce lokacin sabuntawa ya wuce da daɗewa. Sai aka sa wa Yaya allurai, zuwa bayan zuwa. Shi ya ɗauki nauyinsu ba tare da an roƙe shi ba, wannan kam zan shaide shi.

Sai ga mai unguwa ya sami ƙarfin hali. Ya tara mutane ya ce shi dama tun farko hankalinsa bai kwanta da karen nan ba. Duk waɗanda suka zauna a ƙofarsa rannan suka ce su ma haka. Mafarauta suka ce a ba su dama su gama da shi ta kan katanga. Yallaɓai ya ce, "Kun san abin da na saye shi?" Kwana uku karen yana riƙe da gidan, mai gidan yana kwana a zaurena a kan buzuna, da kayan da ke jikinsa. A rana ta huɗu mutumin da ya sayar masa ya zo da sanda mai zarge a baki, ya saka shi keji. Na ji an ce a Safana aka sauke shi, gidan wani da ya fi Yallaɓai albashi. Na yi wa maƙwabtansa addu'a.

Bayan haka Yallaɓai ya shigo har tsakar gida ya durƙusa gaban Yaya. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Sunanki na sa a farkon jerin tallafi."

Ta ce, "Sunana ai tun ranar da na zo ya kamata ya shiga, gudu na yi daga gidana. Ba da ciwon hannuna zan saye shi ba. Na yafe maka jinina. Amma dubi can."

Ta nuna akuya. Tun ranar gona ta ƙi fita. In an ja ta zuwa zaure sai ta turje, ta durƙusa, jikinta na ɓari. Gonaki kuma an riga an lashe su.

Ta ce, "Karenka ya hana ta kiwon kaka. Kai za ka ciyar da ita har ruwa ya sauka. Harawa nake so, ba kuɗi ba."

Ya ce ya yarda. Sau uku na ga Yallaɓai ya dawo daga kasuwa da dammin harawa a bayan babur, ganye ya manne a shaddarsa, mutane na yi masa sannu da kiwo. Kafin na huɗu aka yi masa canjin wurin aiki. Ya zo ya yi mana sallama mai kyau, bai ambaci akuya ba, ni ma kunya ta hana ni. Ragowar rani da ɗan abin da na samu a gonar wakena ta Wagini muka lallaɓa, da dusa, da ɓawon gyaɗa.

Akuyar ta ga damina, a rame, amma da ƙafafunta, ita da 'yarta. Hannun Yaya ya warke, sai dai yatsu biyu sun ƙi lanƙwasa har yau. In za ta ɗaure igiya sai ta kama bakin ɗaya da hagu, ɗayan da haƙori, ta ja. Na sha cewa ta bari in ɗaure mata. Takan ce in je in yi karatuna, akuyarta ce.